Fankar da Ba Wanda Ya Duba

Har yau in na tuna mai gyaran kwamfutar nan na Kakuri sai zuciyata ta tafasa.

Kwamfutata ce ta tebur ta fara iskanci. Ina cikin aiki sai ta daskare, linzamin ya ƙi motsi, can ta mutu ta tashi da kanta. A cikinta muryar mahaifina take. Kafin ya rasu na yi wata biyu ina ɗaukarsa a waya yana ba da labarin zuwansa Kaduna aikin masaƙa, da sunayen kakanninmu. Na juye komai a kwamfutar, wayar kuma aka sace ta a mota.

Na kinkime ta daga Unguwar Sanusi na kai masa. Ko murfin bai buɗe ba ya ce, "Bairos ne, Malam."

Na ce, "Akwai muryar babana a ciki. Don Allah kar ka taɓa komai."

"Haba Malam, aikina ne."

Da na dawo bayan kwana biyu yana ta washe baki. Wai ya yi mata wanka, ya goge komai ya sa sabo. Na tambayi muryar, sai ya sosa ƙeya ya ce ai ya ɗauka waƙoƙi ne. Waƙoƙi! Na zage shi tas, abin da ban taɓa yi wa kowa a kasuwa ba, kuma ban yi nadama ba.

Na kai ta gida, ko awa ɗaya ba ta yi ba ta sake daskarewa.

Wani dattijo Inyamuri mai gyaran rediyo a Sabon Tasha ne ya kwance murfin, ya kunna, ya nuna min da sukudireba. Fankar da ke sanyaya cikinta ta tsaya cak, zafi ne ke kashe ta. Cikin minti goma ya canza fankar. Ya yi ta ƙoƙarin dawo da abin da aka goge, ya girgiza kai, ya ce sabon ya hau kan tsohon.

Yanzu tana aiki lafiya lau, ni kuwa ko kallonta ba na son yi. Ranar Juma'a ƙanwata ta kira daga Gonin Gora, ta ce 'yarta na tambayar yadda kakanta yake magana, in turo mata ko kaɗan ne. Na ce to, zan duba.