Kwalaben Baba Mwayen

Kawu Ɗanlami ba ya yarda a yabi mutum a gabansa sai an kawo lissafi. Ka ce masa wane gwani ne, sai ya karkata hula ya ce, "Ina mwayen ɗinsa?" Kalmar 'yan makarantar faransanci ce, matsakaicin makin da yaro ke kawowa gida a ƙarshen zango. Shi kuwa Kawu bai taɓa zama a aji ba. A Figil ya tsince ta, inda ya yi shekaru yana awon motocin siminti, ya dawo da ita Garwa ya ɗora wa 'yan dambe. Shi ya sa unguwa ta koma kiransa Baba Mwayen.

Kun san zaurensa. Kwalaben lemo ne jere a kan katako, kowane ɗan dambe da tasa. In mutum ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai Kawu ya jefa ƙwayar wake. In shi aka kayar, tsakuwa. Ya kan barbaɗa toka don ƙwari, domin a cewarsa ƙwaro ya taɓa rage wa wani shagon dambe na Marwa daraja ba tare da ya shiga fili ba. Kwalbar da ke ƙarshen layi ta ɗansa ce, Bashari, ita ce kuma kullum yake ɗagawa ya duba a hasken ƙofa, ya mayar.

Da aka fara nuno faɗan keji a gidan kallo, wannan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, mun ɗauka tsoho zai ce ba ruwansa. Ina! Katako na biyu ya kafa. Sunayen turawan ne suka gagare shi, sai ya raɗa musu nasa: Mai Kunnen Ƙosai, Jan Gemu, Ɗan Gajere Mai Shaƙa. Wata rana na karanta labarin wasanni a rediyo, na ce wani ɗan keji gwarzo ne. Da yamma ya tare ni a ƙofa.

"Kai, ɗan ƙanwata, gwarzo nawa cikin nawa?"

"Kawu, haka aka rubuto."

"To wanda ya rubuto ya zo ya ga kwalba. Rabinta tsakuwa ce. Gini za a yi da shi!"

Sai ranar da suka tafi wasa Marwa da Bashari, jandarma ya tsayar da motarsu a shinge. Ya ga hannun Bashari duk tabo, ya tambaya da 'yar Hausarsa wane ne wannan. Kawu ya gyara zama, ya ce, "Ɗana ne, ranka ya daɗe. Ya kashe mutum goma sha ɗaya."

Jandarma ya ja da baya, hannu a kan bindiga. Direba na ta ihu, "Dambe ne, shef! Dambe!" Fasinjoji na salati. Kawu kuwa ya ga kamar an raina lissafinsa, sai ya ƙara da cewa, "Amma a faɗi gaskiya, shi ma an kashe shi sau biyu." Direban ya rantse mini jandarman ya daɗe yana kallon Bashari kafin ya ce su wuce.

Waken nan ba mai taɓa shi. Inna Dudu, matarsa, ta taɓa rasa abin da za ta ƙara wa shinkafa, ta zazzage kwalba ɗaya. Kawu ya shigo ya ga wayam.

"Dudu! Ina Jan Gemu?"

"Yana tukunya, Malam. Ya kusa nuna."

Ranar bai ci abincin ba. Ya zauna gefe yana kallonmu muna ci, yana cewa, "Ku ci a hankali, shekaru shida na mutum kuke taunawa."

Duk dariyar da muke yi masa, akwai abu ɗaya da ya gano a kwalabensa wanda ba na dariya ba ne. Ya ce duk wanda aka sumar da naushin kai sau biyu a jere, daga nan kwalbarsa ba ta ƙara ganin wake sai tsakuwa, kuma ƙarshensa ya zauna a bakin kasuwa yana tambayar mutane sunayensu. Ya kan lissafa su da yatsa, mun kuma san wasunsu. To Bashari an sumar da shi a Garwa, aka sake sumar da shi a wasan da ya biyo. Bai gama warkewa ba wani mai shirya wasa ya kira shi Duwala don ya shiga keji. Ya ce zai tafi. Uwarsa ta yi kuka, ni na yi magana, liman ya yi magana. Kawu kaɗai ya yi shiru, har muka fara jin haushinsa.

Ana gobe tafiya, da rana, Kawu ya ce shi zai dafa wa ɗansa abincin sallama. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba! Ya fito da ɗan kwano na shinkafa da wake, waken ma sai ka nema. Bashari ya cinye don kunya.

"Ya ka ji shi?"

"Baba, da ɗan ɗanɗanon toka."

Sai Kawu ya ajiye kwalbar a gabansa. Ba komai ciki sai tsakuwa.

Bashari ya miƙe tsaye. "Baba! Kisana ka dafa?"

"Duka. Sun shiga cikinka, sun yi maka amfanin da za su yi. Wannan da ta rage ita za ta bi ka Duwala, don ita ba ta dahuwa." Ya girgiza kwalbar, tsakuwa ta yi ƙara. "Na yi wa mutanen da ban sani ba lissafi, ban taɓa cutar kowa da ƙwaya ɗaya ba. Kai ba zan iya jefa maka ta gaba ba, Bashari. Hannuna ba zai yi ba."

Inna Dudu ce ta ɗaga murya daga madafa: "Ni da na dafa Jan Gemu, kwana nawa aka yi ba a gaishe ni ba?"

Bashari ya yi dariya har da hawaye, ya koma ya zauna. Motar Duwala ta tafi ba shi.

Yau ga shi can yana koya wa yara dambe a bayan makaranta, yana kiran kowane da sunansa, ba ya mantawa. Kwalabe suna nan a zaure yadda Kawu ya bar su, Inna Dudu ce ke share musu ƙura, ita ke ƙara musu toka.

Allah ya jiƙan Baba Mwayen. Ranar da za a ɗora nasa awon a mizani, Allah ya sa waken ya rinjayi tsakuwa, abin da ya rage kuma ya yafe masa ba tare da lissafi ba. Amin.