Gajerar Wayar da Na'ura Ta Ƙi Bi

Jiya a Isa, a ɗakin da ɗalibai za su yi jarrabawar kwamfuta, na ɓata awa uku ina zagin suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci. Na jona mata gajerar waya zuwa uwar na'urorin, ta toshe ƙofar da na jona ta, ta ci gaba da bin doguwar wayar da ke nan tun da. Har na ɗauko sukundireba za ni kwance ta, sai marigayi maigidana da ya koya mini aiki ya faɗo mini a rai.

Wannan wautar na taɓa yi gabanshi a Sabon Birni. Yana taunar goro, yatsunshi duk tabon dalma, ya zana hanyoyi biyu a ƙasa.

"Kai, ɗana! Da damina in za ka Gatawa, gajera kake bi ko wadda mota ke wucewa? Na'urar ma wahalar kowace hanya take aunawa har zuwa uwar. Ta riƙe mai sauƙi, ta rufe saura kada saƙo ya yi ta zagaye."

Na duba, ashe gajerar ba ta da gudu. Haushi! Mutum yana kabari, har yau shi ke da gaskiya.

Allah ya sauƙaƙa maka taka hanyar, Baba. Ni dai har yanzu ban ji magana ba.