Mai sauraren kukan modem ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan na buga waya kamfanin intanet ɗinmu na Gusau, na ce a ba ni Malam Isiyaku. Wata murya ta ce, "Ai jiya aka yi jana'izarsa."



Ni firamare kawai na yi. Kwamfutar shagona tsohuwa ce, Windows ya fi ƙarfinta, sai wani ya saka mani wata manhaja mai suna Linux a madadinsa. Da na je kamfanin rajistar intanet bara, mutanen ofis suka ce ba su san wannan ba, in je in canza. Malam Isiyaku, mai amsa wayar kwastomomi, ya ɗago kai ya ce, "Ku bar mani shi, sai mu koya tare."

Layin waya ɗaya gare ni. In modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya, na kira, ba damar magana. Sai ya ce in saurari kukan da take yi da kyau, in katse, in kira shi in kwaikwayi kukan da baki.

Haka nake tsayawa gaban mutane ina "kiiii, ƙurrr, shiii".

Ya yi ta dariya: "Lawali, modem ce ko akuya ke naƙuda?" Sannan ya faɗi abin da zan gyara, harafi bayan harafi.

Juma'ar da ta wuce ya biyo shago, duk ya rame. Ya yi mani kukan modem iri huɗu da bakinsa, ya ce in faɗi ciwon kowane. Na ci uku.

"Na huɗun ruwa ne ya shiga layi," in ji shi. "Kunnen nan naka ya fi satifiket."

Na tambayi muryar nan ta safe wa zai riƙa amsa mu yanzu. Ta ce daga yau sai masu Windows kawai za a riƙa taimaka wa.

Mu uku ne masu Linux. Ni, da malamar asibiti a Tsafe, da wani Alhaji a Bungudu da ke jiran imel ɗin ɗansa daga Sudan duk mako. Injinanmu ba za su ɗauki canji ba, kuma ba zan bari kowa cikinmu ya yanke daga intanet ba.

Na riga na aika masu. In modem ta ƙi, su kira shagona, su yi mani kukan da baki. Na huɗun ma na riƙe shi.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya saurari kukansa yadda ya saurari namu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.