Yadda Na Nutsar da Karafan ɗin Kafili a Sabka

Ni ne na yi kuskure, ba waya ba, ba kuma Baba Iliya ba. Na fara da wannan ne don mutanen gida su daina jin labarin a karkace.

Al Aziziya, ƙarfe biyar saura kwata

Ranar Juma'a muka tashi daga gidan kafilinmu, Balaraben da muke wa aiki a ƙasarsu, bayan mun yi sallar asuba a gareji. Aikinmu shi ne kai karafan sansanin da iyalinsa ke hutun sanyi a rairayin kudu. Karafan mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da bayi. Mahaifiyar kafili za ta zo da azahar, kuma ba ta zama a tanti. Ni ke tuƙi. Baba Iliya, tsohon direban gidan, mutumin Funtuwa, yana gefena. Shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki wata huɗu da suka wuce, ya ce wa kafili duk abin da na ɓata a tambaye shi.

Sana'iya, ƙarfe biyar da rabi

Nan unguwar masana'antu muka cika tankin ruwa, muka ɗauki tukunyar gas da ragon da za a yanka. Babu inda za a ɗaure rago, sai muka kulle shi a bayi. Muka sha karak, shayinsu mai madara, a tsaye. Na liƙa wayata a gilashi, na sa wurin da kafili ya turo, matar da ke ciki ta fara ba da umarni da Turanci. Baba ya ce shekararsa goma sha biyu yana bin hanyar nan. Na ce masa ita wannan daga sama take kallo.

Ƙarshen kwalta, ƙarfe bakwai da minti goma

Bayan mun wuce Mesa'id, kwalta ta ƙare. Muka rage iskar tayoyi kamar yadda kowa ke yi kafin shiga rairayi. Baba ya nuna mini sawun motoci da ya zagaya ta dama, ta gefen wata tsohuwar ganga. Waya kuwa ta ja layi a miƙe ta wani fili fari fat, shimfiɗaɗɗe kamar an share, ta ce za mu rage minti tara.

"Habu, wannan sabka ce," in ji Baba. "Gishiri ne a sama, taɓo a ƙasa. Ka ga sawun kowa a kai?"

Na ce mu za mu fara. Na ƙara da cewa ganga ba taswira ba ce. Sai ya ɗaura bel.

Cikin sabka, ƙarfe bakwai da rabi

Mun yi kamar mita ɗari uku cikin daɗi, har na dubi Baba. Daga nan gaban mota ya durƙusa. Na taka mai, baya ma ya zauna. Firji ya buɗe, ƙofar bayi ta ɓalle, rago ya fito ya tsaya tsakaninmu yana kallon hanya. Matar waya ta ce mu ci gaba a miƙe kilomita biyu.

Muna hango tantunan sansani. Na tura wa direbobin can inda muke. Mota ta farko ta zo, direban yana bin tasa wayar, ta nutse a bayanmu. Ta biyu ta zo ceto ta farko, ta nutse a gefenta. Wajen ƙarfe goma mun zama mu huɗu a cikin karafan, na'urar sanyi na aiki, Baba na dafa mana shayi a kicin da ya karkace, kofi ba ya cika sai rabi. Rago ya cinye dabinon Hajiya, mahaifiyar kafili, da ganyen salak.

Baba ya tuɓe takalmi, ya ja rago da igiya, ya taka har sansani don kada abinci ya makara. Da azahar ya dawo da katafila, kafili na biye a ƙafa, farar rigarsa ta yi kaca-kaca har gwiwa. Mahaifiyarsa, in ji su, tana zaune a mota ta ƙi saukowa.

Kafili bai ko dube ni ba. Sai ya juya ga Baba, a gaban direbobi, ya tambaye shi ko tsufa ne ya sa ya manta hanya. Ya ce halas, wato shi ke nan, daga yau Baba ya koma gadin ƙofa. Baba ya ce to. Ina tsaye da waya a hannu, ban ce komai ba. Wannan shirun ya fi nutsar da mota muni, kuma nawa ne.

Komawa gida, ranar Asabar

Katafila ce ta fito da motocin. Muka iso Al Aziziya bayan la'asar, mun gode Allah ba wanda ya ji ciwo. Duk hanya Baba bai ce mini komai ba sai "rage gudu". Na wanke taɓon mota har magariba, sannan na shiga majalisar kafili na gaya masa gaskiya da guntun Larabcina: Baba ya hana, ni na ƙi. Ya ce Baba ya koma kan sitiyari, ni kuma in karɓi ƙofa har sai ya ga dama.

Na sami Baba a ɗakinmu yana shafa man zafi a ƙafa, gishiri ya tsattsaga masa dugadugai. Na durƙusa.

"Baba, na raina ka a hanya, na kuma bari aka ci mutuncinka ina tsaye. Ba ni da hujja. Don Allah ka yafe mini."