Gwangwanayen Saje Bawa

Duk wadda ta taɓa kai niƙa injin Saje Bawa a Zuru ta san ba a tafiya da gari sai an amsa tambayoyi. Garin ya yi laushi? An ɓata miki lokaci? In mace ta ce lafiya lau, sai ya gyara tsayuwa irin ta tsohon soja ya ce, "Ba lafiyarki na tambaya ba, Hajiya, garin na tambaya."

Shekara talatin muna maƙwabtaka, shi yana niƙa, ni ina koyarwa a firamare. Da aka buɗe sabon inji a bayan kasuwa, mata suka fara zamewa, har ya kai a yini bai niƙa kwano goma ba. Sai ya ajiye gwangwanaye biyu a bayan shago: wadda ta gamsu ta jefa ƙwayar masara, wadda ba ta gamsu ba ta jefa tsakuwa. Ranar Lahadi bayan coci ya kira ni shaida. Tsakuwa bakwai, masara ko ɗaya babu. Saje ya ƙi cin abinci kwana biyu, sai da matarsa Mama Ladi ta kama zakaranta da kai cikin gwangwani. Ya ce a yanka shi, don ya yi maguɗin zaɓe. Mun kuwa ci daɗi.

Daga nan ya tura Mama Ladi gida-gida, tunda mata ba sa faɗa masa gaskiya a gabansa, ni kuma ina rubutawa. Muka baje takardun a tabarma, yana warewa. Na 'yan'uwa ya ture gefe, wai kunya ce ta amsa. Na masu yabo ya ce ba abin da zai koya a ciki. Tarin da ya fi tsayi na matan ƙauyen Manga ne, kuma bakinsu ɗaya: garin ba laifi, amma tambayoyin Saje na sa su rasa motar komawa.

Sai Saje ya ce, "Malam, a koma a tambaye su tambaya nawa za su iya ɗauka."

Mama Ladi ta ce in ya sake aiken ta, sai dai ya dafa wa kansa tuwo. Dole ya kama bakinsa, mata kuwa suka dawo, har da layi.

Akwai takarda ɗaya da bai sa a kowane tari ba, aljihu ya cusa ta. Ta wata tsohuwa ce da ta ce wuyanta ba ya ɗaukar buhu yanzu. Bai gaya wa kowa ba. Sai ranar jana'izarsa muka ji daga bakinta cewa duk Asabar yakan ɗora garinta a keke ya kai mata har ƙofar ɗaki, shi da gwiwarsa mai ciwo.

Allah ya ji ƙanka, Saje, ya ba ka hutawa, ya ba Mama Ladi haƙuri. Amin.