Zanen Ɓawo na Ƙarshe a Shagon Lutaaya

Lutaaya ya shekara arba'in a garin Masaka yana sa wa aikin hannun mutane firam, amma ko tsuntsu ya zana sai ka rantse doya ce. Ubansa bugun ɓawon itacen mutuba ya yi har ya mutu, ya daka shi da guduma ya koma zane ja mai laushi. Wansa Kaleebu ya gaji gudumar. Shi kuwa gogan naku ya gudu birni ya kama zarto, wai ƙarar bugu na sa masa ciwon kai.

A birnin ma ɓawon bai rabu da shi ba. Masu aikin ado suka riƙa kawo masa shi, an yi masa ado da zaren kaba da farin wuri. Ba ya yarda gilashi ya taɓa aiki, sai ya sa siririn katako a tsakani, ya ce ɓawo ma numfashi yake. Gam kuwa ko ƙofar shagonsa ba ya shiga. Ɗinki yake yi, ƙananan ɗauri a gefe-gefe, yana yi yana mita.

Guda ɗaya ne a bango ba na sayarwa ba. Zanen ƙarshe da ubansu ya buga, wanda matar Lutaaya, Nambooze, ta ɗinka wa hoton gonar ayaba a shekarar da ta rasu. Abin da ya rage masa nata ke nan.

Ranar da Kaleebu ya cika, ƙanwar ubansu, Ssenga Lunkuse, ta zo da kanta, da sandarta. Ta ce dangi kowa ya kawo zanen ɓawo na naɗe gawa kamar yadda aka saba, amma mamacin ya bar wasiyya: zanen da zai taɓa fatarsa ya zama bugun ubansu. An bincike gida, babu.

Lutaaya ya ce zai sayo goma masu kyau.

"Goma na kasuwa? Kai dai ba ka da kunya. Likkafani ka rataye a bango, ɗan'uwanka na kwance yana jira."

"Ssenga, hannun Nambooze ne a jiki."

"Na sani, ɗana. Ni na riƙa sa mata zare a allura lokacin da idonta ya gaza."

Lutaaya ya juya wajen bango. Sannan ya sauke firam ɗin, ya kife shi, ya ɓamɓare ƙusoshi, ya bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya da reza. Tsohuwa ta ce in yana so ta warware adon ya ajiye zaren. Ya girgiza kai, ya ce zare ba ɓawo tsumma ne.

Da adon aka naɗe Kaleebu, sauran zannuwan dangi suka bi sama. Da aka zo sa shi a kabari bayan gida, Lutaaya ne ya shiga ramin ya karɓi kan, da gwiwoyin nan nasa da ko a coci ba sa durƙusawa.