Zomon 'yata da wankin ranar Alhamis

Ban taɓa son zomon nan ba, gara in faɗa tun farko. A gidanmu na Kano zomo a keji yake zama a bayan gida, ana jefa masa ganye har ranar da za a yanka shi. Sai ga ni a ƙasar Turawa, a unguwar Small Heath, a ɗan gidan haya, ina kallon 'yata mai shekara goma sha ɗaya kwance rub da ciki a kan kafet tana hira da zomo da Turanci kamar ƙaninta.

Wata 'yar ajinsu ce ta ba ta shi da za su bar gari. Na yarda ne don yarinyar ba ta da abokin hira. Ni ina jami'a daga safe zuwa yamma, babanta kuma a Manchester yake aiki, ya zo Juma'a ya koma Lahadi. Sharaɗi ɗaya na kafa mata: ranar da zomo ya ɓata wurin salla, ranar zai bar gidan.

Ta ɗauki abin da gaske. Kwana uku tana bin sa da ido har ta gane lungun da ya zaɓa don fitsari, tsakanin firji da ƙofar baya. Nan ta ajiye wani faffaɗan tire na roba, ta shimfiɗa jarida, ta tara busasshiyar ciyawa a gefe ɗaya, wai zomo ya fi son yana ci yana biyan buƙatarsa. In ya yi kashi a wani wuri sai ta tsince ta zuba a tiren. In fitsari ne ta goge da takarda ta sa takardar a ciki. Ina kallonta ina taɓe baki, amma cikin mako biyu zomo ya koya.

Yana da wata ɗabi'a ta goga haɓarsa a jikin kaya: ƙafar kujera, jakata, musamman baƙaƙen takalmanta na makaranta.

"Alama yake sawa, Mama," in ji ta. "Yana nufin nasa ne. Ke ma tasa ce."

Na ce Allah ya kiyaye.

Daga Litinin zuwa Laraba gida ƙal. Matsalar daga Alhamis take farawa. Mahaifiyata ta koya mini cewa mijin da ya dawo daga tafiya bai kamata hancinsa ya ji komai ba sai ƙamshi, kuma ban bar wannan koyarwar a filin jirgi ba. Duk Alhamis sai in goge gidan da bilic lungu-lungu, in zubar da duk abin da ke cikin tiren zomo, in dirje shi har ya yi ƙyalli, sannan in kunna turaren wuta ya kama labule da kujeru. Washegari kuwa sai mu tashi mu ga kashin zomo warwatse a falo kamar an zubar da wake, ga fitsari a bakin ƙofa.

"Mama, please, ki daina wanke tiren da bleach," ta ce da ni wata Alhamis. "Ki bar masa ɗan ciyawar da ya jiƙa. In bai ji warinsa ba, he thinks ba gidansa ba ne, sai ya sake sa alama ko'ina."

"Ƙazanta zan ajiye da gangan ranar da babanki zai zo? Ke ce za ki koya mini tsafta?"

Na ci gaba da dirza.

Wata Juma'a babanta ya iso dab da magariba, ya shimfiɗa dadduma ya shiga alwala. Yana dawowa zomo ya zagaya ƙafarsa sau biyu, ya yi tsalle, ya fesa fitsari a kan daddumar da gefen farar shaddarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Kada in tarar da dabbar nan mako mai zuwa."

"But Abba," in ji yarinyar, "kai kwana biyu kawai kake yi a nan. Shi kullum yana nan."

Na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Bayan ya koma ta roƙe ni tana kuka: Alhamis ɗaya tak in bar tiren, kuma a kai shi wurin likitan dabbobi a dandaƙe shi, zai daina feshin. Mako ɗaya ta nema, na hana. Na ce mata maganar tsarki ce, amma ƙarya na yi. Dadduma ai wankuwa take. Babanta ya riga ya fara tsallake wasu Juma'o'in, ni kuwa tsoro nake kada in ba shi dalili.

Ranar Laraba, tana makaranta, na sa zomo a kwali na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. A can, unguwar Longsight, akwai 'yar wata ƙawata, haifaffiyar nan, da ke kiwon zomaye a gidanta. Ta saurari ƙorafina, sannan ta tambaya da me nake wanke tirensa. Na faɗa mata.

"Haba Anti! Ai shi ya sa. Ki riƙa barin ɗan warinsa a ciki, that's all. Ki koma da shi ki gwada mana."

Maganar 'yata ce sak. Kwalin yana gabana, jirgin komawa yana nan. Na miƙe na yi mata sallama na fito, na bar mata shi.

Da yarinyar ta dawo ta tsaya tana kallon lungun firji. "Kin wanke wurin?" ta tambaya. Na ce e. Ta cire takalmanta ta riƙe su a hannu ta hau sama.

Alhamis na goge gida na kunna turare. Juma'a babanta ya bugo waya, wai aiki ya yi yawa. Ta gaba ma haka. Yanzu in ya zo sau ɗaya a wata biyu, to mun gode. Zomon kuwa, an ce tun da aka dandaƙe shi bai sake yi ko'ina ba sai a cikin tire.

'Yata ta kai sha biyar yanzu. Tana gaishe ni da ladabi, tana wanke kwanuka, kuma ba ta gaya mini komai na ranta. Ina jin haushin babanta, amma na fi jin haushin kaina.

Kwanan baya ina tattara kayan da suka yi mata kaɗan don a bayar, na ci karo da baƙaƙen takalman nan a ƙasan wardirof, an ɗaure su a leda. Na fito da su zan goge. Ban san tana bakin ƙofa ba.

"Mama," ta ce, "kada ki wanke su."